Mai Ciwon Ƙirji Bayan Aikin Zuciya: Abin Da Shari'a Ta Ɗora Masa

 

Akwai wata mas'ala wadda mutanen dā ba su san ta ba, amma yau ta shigo har cikin ƙauyuka, kuma malaman zaure sun fara cin karo da ita. Ita ce mas'alar mutumin da jijiyar zuciyarsa ta toshe, aka kai shi babban asibiti aka buɗe ta, aka sa masa 'yar ragar ƙarfe wadda likitoci suke kira sitent, ya komo gida ana ta yi masa barka, sa'an nan bayan 'yan watanni ƙirjin ya sake ɗaurewa. Me ya wajaba a kansa? Ya yi shiru ya ce haƙuri ke nan, ko ya yi magana?

A ƙaddara wani dattijo manomi a Tsaskiya, cikin Ƙaramar Hukumar Safana, can yammacin Jihar Katsina inda ƙasa ta yi iyaka da Dajin Rugu. Irin wannan aiki ba a yin sa a asibitin karkara. Sai an dangana da manyan birane, wasu ma har Misra ko Indiya. Kafin a haɗa kuɗinsa an sayar da shanun huɗa, an jinginar da gona, 'ya'yan da ke ci-rani sun aiko da abin da suka tara. Ya dawo, dangi sun ce alhamdu lillahi, an rabu da wahala. Ran nan yana tafiya masallaci da asuba cikin hunturu, sai ya ji kamar an aza masa dutsen niƙa a ƙirji. Ya tsaya ya dafa bango, abin ya lafa. Bai gaya wa kowa ba. Da wane baki zai ce wa 'ya'yansa shanun sun tafi a banza? Sai ya ce a ransa, wannan jarrabawa ce, mumini kuwa da haƙuri aka san shi. To, a nan ne kuskuren yake, kuma kuskure ne mai iya kai mutum kushewa.

Kafin a zo ga hukunci, ya kamata a san abin da ake yi wa hukuncin, domin malaman usulu sun tabbatar da cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci yadda yake. Zuciya tsoka ce, kuma ita ma tana bukatar jini kamar sauran gaɓoɓi. Tana samunsa ta wasu 'yan jijiyoyi da suka kewaye ta. Ba yau aka gane haka ba: Ibnun Nafis, malamin fiƙihu kuma likita wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1288, ya riga ya bayyana cewa zuciya tana samun abincinta ne daga jijiyoyin da suka ratsa jikinta. Idan maiƙo ya taru a bangon waɗannan jijiyoyi hanya takan ƙuntata, sai mutum ya riƙa jin nauyi a ƙirji duk lokacin da ya motsa da ƙarfi. A 1977 wani likita Bajamushe ya fara buɗe irin wannan toshiya da ɗan balan-balan a birnin Zurik, a 1986 kuma aka fara sa ragar ƙarfe a Tulus ta ƙasar Faransa. Ragar ƙarama ce ƙwarai, faɗinta a galibi milimita 2 zuwa 4. Ana zura ta ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi har ta isa wurin da ya ƙuntata, a buɗe ta, ta tokare bangon jijiyar, ta zauna nan har ƙarshen rai.

Abin lura shi ne, ragar wuri guda ta gyara. Cutar da ta kawo toshiyar, watau hawan jini ko ciwon sukari ko yawan maiƙo a jini ko shan taba, tana nan ba ta tafi ba. Wanda ya yashe wani sashe na lambatu bai hana damina kawo yashi ba. Binciken likitoci ya nuna cewa cikin mutum 10 da aka yi wa wannan aiki, 2 zuwa 4 sukan ci gaba da jin ciwon ƙirji, ko ya komo musu, cikin shekarar farko. Dalilan kuwa sun sha bamban. Wani nama ne yake tofowa cikin ragar ya sake ƙuntata ta. Wani wata jijiyar ce dabam wadda ba a taɓa ba. Wani ƙananan jijiyoyi ne waɗanda raga ba ta iya shiga cikinsu, wani kuma jijiyar ce take murɗewa ta saki. Akwai ma wanda ciwonsa ba daga zuciya yake ba sam, gyambon ciki ne ko ƙwarnafi ko ciwon haƙarƙari ko fargaba. Mafi haɗarin duka shi ne jini ya daskare cikin ragar farat ɗaya, wanda kan kashe mutum cikin sa'o'i kaɗan. Duk waɗannan a ƙirji ɗaya ake jin su, kuma sun yi kama da juna. Ba mai iya rarrabe su da ido, ko da liman ne ko wanzami ko shi majiyyacin kansa. Sai likita ya auna da na'ura ya gwada jini.

To, a komo ga haƙuri. Kalmar da Larabawa suke amfani da ita, sabru, asalin ma'anarta tsarewa ce. Malamai suka ce mai haƙuri yana tsare zuciyarsa daga fushi da hukuncin Allah, ya tsare harshensa daga ƙorafi a kan Ubangijinsa, ya tsare gaɓoɓinsa daga abin da Shari'a ta hana. Ba inda aka ce ya tsare labarin ciwonsa daga likita. Ibnul Ƙayyim, cikin littafinsa Uddatus Sabirin, ya rarrabe tsakanin kai ƙarar Mahalicci wurin abin halitta, wanda yake rushe haƙuri, da kuma bayyana hali ga wanda zai iya taimako ko shiryarwa, kamar majiyyaci ya gaya wa likita abin da ke damunsa, wanda bai taɓa haƙuri da kome ba. Annabi Ayyuba, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci cutar da ta shafe shi cikin addu'arsa kamar yadda ya zo a Suratul Anbiya'i, duk da haka Allah Ya yabe shi da haƙuri a Suratu Sad. Shi kansa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya faɗa wa Nana A'ishatu ciwon kan da yake ji a farkon rashin lafiyarsa ta ƙarshe, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Wa zai ce ya fi su dauriya?

Abin da yake rufe bakin dattijon Tsaskiya, in an duba da kyau, kunya ce da kara da jin nauyin iyali. Halaye ne masu kyau a muhallinsu, Bahaushe da Bafillace duk suna alfahari da su. Amma idan kunya ta hana mutum faɗin abin da zai ceci ransa, ta bar muhallinta. Kuma lissafin da yake yi na shanu lissafi ne a juye: abin da zai sa kuɗin ya tafi a banza shi ne ragar ta toshe cikin dare ba wanda ya sani, alhali da ya yi magana da wuri mai yiwuwa canjin ƙwaya kawai ake bukata.

Akwai hadisai biyu da suka dace da wannan mas'ala kamar don ita aka ruwaito su. Na farko yana cikin Sunanu Abi Dawuda, a babin magani. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya, Annabi ya zo duba shi, ya ɗora hannunsa mai albarka a ƙirjinsa har Sa'adu ya ji sanyinsa, sa'an nan ya sanar da shi cewa ciwon zuciya ne ke damunsa. Kalmar da aka yi amfani da ita maf'udu ce, daga fu'adu, watau zuciya. Sai ya tura shi wurin Harisu ɗan Kalada, mutumin Saƙifa, saboda shi masanin magani ne. Wasu malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma ma'anarsa tana da abin da ke ƙarfafa ta a wasu ruwayoyi masu yawa na umurni da neman magani. A lura: wanda addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa, ga hannunsa a kan ƙirjin majiyyaci, amma ya ce a tafi wurin likita. Malamai da dama sun kafa hujja da wannan a kan halaccin zuwa wurin ƙwararren likita ko da ba Musulmi ba ne. Sa'adu kuwa ya rayu bayan haka shekaru masu yawa, har ya jagoranci rundunar Musulmi a Ƙadisiyya.

Na biyu yana cikin Buhari da Muslim, daga Abu Sa'idul Hudri. Wani mutum ya zo ya ce cikin ɗan'uwansa ya ɓaci, Annabi ya umurce shi ya shayar da shi zuma. Ya tafi ya komo ya ce abin bai yi sauƙi ba. Aka sake umurtarsa. Ya sake komowa, har sau uku ko huɗu, kafin ɗan'uwan ya warke. Masu wa'azi sukan tsaya a kan falalar zuma, kuma gaskiya ne tana da falala. Amma akwai wani darasi a ƙafafun mutumin nan da ya yi ta kai da komo. An yi magani, ciwo bai tafi ba, bai zauna gida ya ce ƙaddara ce ba, bai kuma juya ya tafi wurin boka ba. Ya koma inda aka ba shi magani ya ba da labari. Wannan shi ne ainihin abin da ake nema ga mai ragar ƙarfe. Mutanen ƙasar nan ba baƙin wannan fahimta ba ne, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da ke kansa ya zauna ya rubuta littattafai a kan magunguna, har da na basir.

Inda halaka ta fi aukuwa shi ne wajen ƙwayoyi. Duk wanda aka sa wa raga akan ɗora shi a kan magunguna biyu masu hana jini daskarewa, asfirin da wani abokinsa irin su kilofidogirel, na tsawon wata 6 zuwa 12 a galibi, sa'an nan ya ci gaba da ɗaya daga cikinsu har iyakar rai, tare da maganin rage maiƙo. Su ne masu gadin ragar kafin nama ya lulluɓe ta. Sai ka ga mutum ya ji ciwo ya komo, wani maƙwabci ya ce ai maganin asibiti ya gaza, wannan sammu ne, a bar ƙwayoyin nan a nemo jiƙo. Wani kuma ya ji sauƙi, ya ce to me ya rage, ya daina sha. Dukansu biyu sun buɗe wa mutuwa ƙofa. Mai ba da irin wannan shawara ya tuna da hadisin Jabir da Abu Dawuda ya ruwaito, na sahabin da ya ji rauni a ka, abokan tafiyarsa suka ce ba shi da rangwamen taimama, ya yi wanka ya mutu. Da labari ya je wa Annabi, ya ɗora alhakin mutuwarsa a wuyansu, ya kuma yi musu faɗa mai tsanani don ba su tambaya ba tun da ba su sani ba. Waɗannan fa sahabbai ne, kuma alheri suke nufi.

Addu'a da tofi da ayoyin Alƙur'ani abu ne tabbatacce, a yi su safe da maraice. Ba su yi karo da ƙwaya ba, kuma ba su ɗauke wajabcin shanta ba. Amma akwai abubuwan da suke karo da ita. Ƙaho sunna ne, sai dai mai shan maganin tsinka jini ba ya zuwa wurin wanzami, ko mai cire haƙori, sai da sanin likitansa, don jininsa ba ya tsayawa da wuri. Magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis ko a tiren 'yan talla, irin su ibufurofen da daikulofenak, idan suka haɗu da asfirin sukan jawo zubar jini a ciki. Akwai kuma wanda kunya ba za ta hana a faɗe shi ba, domin babu kunya a sanin addini: maganin ƙarfin maza, na bature ko na kwalba wanda ba a san abin da aka zuba a ciki ba, idan ya gamu da ƙwayar zuciya da ake sawa ƙarƙashin harshe, yakan sa jini ya faɗi ƙasa warwas har mutum ya sheƙa lahira.

Game da ibada kuwa, Shari'a ta yalwata ƙwarai, mutane ne suke ƙuntata wa kansu. Sanyi yana tayar da ciwon ƙirji, saboda haka sai a ɗumama masa ruwan alwala. In ya ji tsoron cutuwa da ruwan, ƙasa mai tsarki ta isar masa. Amru ɗan As ya yi taimama a daren sanyi a yaƙin Zatus Salasil, ya kafa hujja da aya ta 29 ta Suratun Nisa'i wadda ta hana mutum kashe kansa, Annabi bai yi masa inkari ba. Wanda tsayuwa take tayar masa da ciwo ya yi salla a zaune, kamar yadda aka yi wa Imrana ɗan Husaini izini. Ɗalibin da ya karanta Ahalari ya san matakai bakwai da aka jera wa mara lafiya. Rashin lafiya mai tsanani uzuri ne na barin Jumma'a.

Azumi shi ne inda ake yawan gardama. Shaihu Halilu cikin Muhtasar ya bayyana cewa shan ruwa ya halatta ga wanda ya ji tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa, ya kuma zama wajibi ga wanda ya ji tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani. Wajibi aka ce, watau wanda ya dage ya yi azumi a wannan hali ya saɓa. Likitoci galibi suna hana azumi ga wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, da wanda ciwon yake taso masa ko yana zaune. Wanda halinsa ya daidaita kuwa mai yiwuwa likita ya mayar masa da ƙwayoyinsa lokacin buɗa baki da sahur, amma likita ne zai mayar, ba shi ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na goma a Jidda cikin watan Safar 1418, daidai da 1997, ta yanke cewa ƙwayar ƙarƙashin harshe ba ta karya azumi muddin ba a haɗiye abin da ya narke ba, haka nan zura siririn bututu cikin jijiya don duba zuciya ko yi mata magani. Akwai malaman da suke ganin duk abin da ɗanɗanonsa ya kai maƙoshi ya karya. Ko da an bi wannan ra'ayi, abin da ya hau kan majiyyaci ramuwar yini ɗaya ce. Saboda haka idan ciwo ya taso da azahar ya sa ƙwayarsa nan take, kada ya tsaya jiran ladan. Wanda kuma likita ya tabbatar ba zai ƙara iya azumi ba, a mazhabar Imamu Malik ciyar da mudun Annabi ɗaya a kowane yini mustahabbi ne a gare shi, in ba shi da hali ba kome a kansa.

Duk abin da ya gabata ya fi sauƙin faɗa a birni. Mutumin Tsaskiya da na ƙauyukan Batsari sun ga abin da ya isa ya ɗaure ƙirjin mai lafiya ma. Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a wannan yanki, mutane suka kwana a daji, aka bar gonaki. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, Safana da Batsari suna ciki, har tsawon watanni, ta yadda mai mara lafiya ba ya iya ko kiran direba. Firgita da gudu cikin dare suna tayar da ciwon zuciya na gaske, fargabar da ta daɗe kuma tana kawo ciwon ƙirjin da ya yi kama da shi. Saboda haka kada a yi saurin ce wa dattijo tsoro ne kawai, kada kuma a ce masa ragar ta lalace. A kai shi a auna.

A nan ne nauyi ya tashi daga kan majiyyaci ya hau kan jama'a. Ceton rai farali ne na kifaya, in ba wanda ya yi, gari duka ya ɗauki zunubi. Ya kamata iyalinsa su san alamomin da ba a jiran wayewar gari a kansu: ciwon da ya taso mutum yana zaune ko yana kwance, wanda ya sa ƙwaya ƙarƙashin harshe minti 5 suka wuce bai lafa ba, ko ya bazu zuwa hannu ko muƙamuƙi ko baya, ko ya zo da zufa mai sanyi da sarƙewar numfashi da jiri. Mai wannan hali a zaunar da shi, kada a bar shi ya taka da ƙafa, a nemi mota zuwa asibiti mafi kusa, Dutsin-Ma ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tare da takardun aikin da aka yi masa da kwalayen magungunansa. Tun da rana tsaka ake shirya wannan: a san mai motar da za a buga wa ƙofa, a ajiye kuɗin mai, a tanadi ƙwayoyin wata guda gaba don kada rufewar hanya ta yanke su. Wanda kuma talauci ne ya sa yake tsallake kwana yana raba ƙwaya biyu, ya shiga cikin matalautan da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, ya cancanci zakkar hatsin garinsu kafin a kai ta wani wuri. Liman da ya ga wani dattijo cikin masu sahun gaba ya fara tsayawa yana dafa bango a hanyar masallaci, ya same shi a keɓe ya tambaye shi, in ya ƙi faɗa ya kira babban ɗansa.

Allah Ya ba marasa lafiya na gida da na asibiti sauƙi, Ya zaunar da ƙasar Safana da Batsari lafiya, amin.